Idon Auta da Shekaruna Goma

Ranar Litinin da ta wuce, wani matashi mai siririn gemu, wanda na tabbata na girmi uwarsa, ya dube ni ta tagar ofishin rantsuwa ya shaida mini cewa ƙanwata ta girme ni da shekara bakwai. Bai yi dariya ba. Ya faɗa ne kamar mai gaya mini ƙarfe nawa, har ya juyo mini da fuskar kwamfuta wai in gani da idona, alhali tun da na iso na gaya masa ni da karatu sai dai gaisuwa daga nesa.

Na ce, "Ɗan nan, ka ga waccan da ke zaune a kan benci tana kallon bango? Ni na goya ta. Fitsarinta ya jiƙa mini baya ya fi sau ɗari."

Ya ce, "Mama, ba a shigar da wannan a kwamfuta ba."

Na ce, "To shigar."

Ya ce, "Babu gurbinsa."

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ni ban iya riƙe biro ba. Maƙwabciyata Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ke rubuta wannan ina faɗa, kuma na yi mata kashedi kada ta rage gishiri, kada ta ƙara sukari.

Ni mai sayar da bahuna da bokitai ce a kasuwa, shekara arba'in ke nan. Ƙanwata, wadda muke kira Auta domin daga ita uwarmu ba ta ƙara ba, tela ce. Mazanmu duka sun riga mu gidan gaskiya. Ɗakinta na jikin nawa a gidan haya, bango ɗaya ya raba mu, in ta yi tari ni ke cewa sannu. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko ta ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Daga baya ta ce allurar zamani ce ba ta da ƙofa. Ranar da ta ɗinke wa wani mutum aljihun wando ruf, ya zo yana neman inda zai sa hannunsa, ranar ta daina ɗora wa allura laifi. Yanzu kullum da safe kafin in tafi kasuwa sai na zura mata zare a allurai goma sha biyu, in soke su a jikin labule inda hannunta zai kai. Zaren keke kuwa in ya tsinke, haka za ta zauna ta naɗe hannu har wani ya gifta. Masu kawo ɗinki sun ragu, sai waɗanda ke jin kunyar daina zuwa.

Likita ya duba ya ce aikin ba wani abu ba ne, ko awa guda ba zai ci ba. Amma ya ce kada a bari shekara ta zagayo, in ba haka ba idon dama zai rufe gaba ɗaya.

Kada wani ya tambaye ni me ya hana mu zuwa asibitin gwamnati. Mun je. Sun karɓe mu hannu biyu, sun ba mu rana nan da shekara biyu da rabi, domin injin aikin ido ya lalace, abin gyaransa kuma yana tafe a jirgin ruwa tun ina da turamen haƙorana. Akwai kuma babban asibitin ido da aka yi mana alkawari a bayan tasha. Wannan kam ba zan ci amanar Masu Girma ba, sun yi ƙoƙari. Sau uku ana aza harsashinsa. Na halarci biyu, an ba mu hular kwali da lemon kwalba guda mu biyu. Duk lokacin zaɓe ana sake fentin allon, kuma fenti mai kyau. Su Masu Girman a ƙasar waje ake duba musu ido, shi ya sa in zaɓe ya matso suke hango mu tun daga nesa.

Ana cikin haka babban ɗana, direban babbar mota, ya kira ni. Kwanansa biyu a layin mai. Allah ya saka wa masu kula da harkar mai da alheri, ba don su ba yaushe yaron nan zai samu zama har ya tuna yana da iyaye? Ya ce, "Iya, na ji ana yin inshorar lafiya ta kamfani, a biya na shekara, in ciwo ya zo su ɗauki nauyi. Ki zaɓa muku wadda ta dace, ke da Inna, ni zan biya. A yi mata idonta, ke ma a duba miki gwiwar nan." Inna yake ce wa Auta, don rabin tasowarsa a ɗakinta ya yi.

Washegari sai ga dillalin inshora, mutum mai kwat a cikin wannan zafi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa tsakar gida. Tun ranar muke ce masa Mai Kwat. Ya shimfiɗa mana takardu masu sheƙi na kamfani uku a kan tabarma. Wani kamfanin katinsa ja, wani shuɗi, wani kore. Kowace takarda da hoton tsofaffi suna dariya, haƙora talatin da biyu cif, ba mai dafa gwiwa.

Na ce, "Waɗannan me ya kai su asibiti?"

Ya ce, "Mama, ai bayan sun warke ne."

Na ce, "Nuna mini hotonsu kafin su warke."

Bai zo da shi ba. Ya dai dage a kan jan kati. Ya ce shi ne na manya, ana ba mutum ɗaki shi kaɗai da talabijin, har motar asibiti za ta zo ta ɗauke ka. Da na ga yadda yake shafa takardar jan nan kamar bayan kyanwa, na san a nan rabonsa ya fi tsoka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na kira Malama ta ɗora tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta karanta mana ƙananan rubutun da ke can ƙasa, waɗanda aka yi don tururuwa. A nan muka ji abin da hoto bai faɗa ba. Wani kamfanin zai duba maka ido, ya tabbatar maka lallai ba ka gani, daga nan aikinsa ya ƙare. Wani zai cire haƙori amma ba zai cike ba. Wani ya ɗauki nauyin haihuwa har sau uku, na ce a ajiye mana wannan, ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba. Akwai wani tsari mai rahusa na iyali guda, na miji da mata da 'ya'ya huɗu da ba su kai sha takwas ba. Na tambaya ko akwai na tsofaffi biyu da keken ɗinki, ya ce ba a fito da shi ba tukuna. Jikin nan da Allah ya yi shi guda ɗaya, sun yanka shi kashi-kashi kamar mahauta, kowane yanki da farashinsa. Malama ta yi ta karatu har kanta ya fara ciwo, muka duba, ciwon kai na cikin abin da duka ukun suka yarda da shi.

Na ce wa Mai Kwat ya tattara kayansa ya dawo bayan kwana huɗu.

Ni ban yi makaranta ba, amma shekara arba'in ina sarin baho. In dila ya ce mini bahonsa ƙarfe ne ba roba ba, ba na musu da shi. Kifar da bahon nake in hau kai. Gani ya kori ji. Na tambaya aka nuna mini asibitin kuɗi da ke karɓar katunan nan duka uku. Na karɓi zare uku wajen Auta, ja da shuɗi da kore, na ɗaura a bakin zanina, na bar rumfata a hannun maƙwabciyar kasuwa, na je na zauna a bencin jira, daidai inda nake ganin teburin karɓar kati da tagar magani. Duk wanda ya miƙa kati na ga launinsa. In ya fito da aikin da ya kawo shi an yi masa, in ƙulla ƙulli ɗaya a zarensa. In ya fito yana tsaki, ba ƙulli.

Kwana uku na yi. Masu jan kati su ake fi yi wa murmushi, wannan gaskiyar Mai Kwat ce. Da an ga katin sai a ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, zauna mu kira kamfani su ba mu lambar amincewa." Daga nan sai zama. Wani bawan Allah ya zo da hannu a kumbure tun hantsi, har la'asar ana kiran kamfani. Talabijin ɗin dai ya kalla, ba a yi masa ƙarya ba. Masu shuɗin kati ba sa jira, nan da nan suke ganin likita. Amma a tagar magani kowa abu ɗaya ake ba shi, farar ƙwayar ciwon kai, sauran a ce ya saya a waje. Mai ciwon ciki ita, mai ciwon kunne ita. Wata mata ta zo da ƙafa a karye, na zuba ido in gani, ita ma ita. Masu koren kati ba wanda ke yi musu ranka ya daɗe, kujerarsu ma ta roba ce a kusa da ƙofa, amma suna fitowa da leda mai nauyi. A rana ta biyu na ga tsofaffi biyu an fito da su da auduga a ido ɗaya, 'ya'yansu na riƙe da koren kati. Na yi wa kowannensu ƙulli biyu.

Mai gadi ya fara zargina. Ya zo ya ce, "Iya, ke wa kike jira ne? Kwana uku ba ki ga likita ba."

Na ce, "Jan kati gare ni."

Ya ce, "Allah sarki, yi haƙuri," ya tafi.

Kafin in tashi na tare mai shara, domin a kowace ma'aikata mai shara ta fi shugaba sanin gaskiya. Na nuna mata zarena. Ta shafa koren, wanda ya yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ta ce, "Iya, wa ya koya miki? Ai ko mu nan shi muke yi wa iyayenmu. Sai dai aikin ido sai an yi wata shida da shiga." Na lissafa, wata shida bai kai shekarar da likita ya faɗa ba. Na ce alhamdulillahi.

Da Mai Kwat ya dawo na miƙa masa zaren. Ya juya shi, ya ce wannan ba hanyar kimiyya ba ce. Na ce kore nake so. Fuskarsa ta ɗan yi yaushi, amma ya buɗe kwamfutarsa, ya karɓi katunan shaidarmu, muka dangwala yatsa. Can sai ya ce, "Mama, taki ta wuce. Ta yayarki ce ta maƙale."

Na waiga bayana. Na ce, "Wace yayata?"

Ya nuna Auta. Ya ce duka kamfanonin ba sa ɗaukar wanda ya haura sittin da biyar. Ni a kati shekarata sittin. Auta sittin da bakwai.

A nan dole in faɗi nawa laifin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka zo yi mana katin shaida a ƙarƙashin wata rumfa. Layi ya kai mutum ɗari uku, ma'aikacin guda ɗaya, gumi na ɗiga a kan takardunsa. Ya tambaye mu shekarunmu, muka ce Allah ya sani, mu ba a rubuta mana ba. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya dube mu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To idon wannan bawan Allah mudu ne, kuma hujajje. Ranar ni daga biki na fito, da sabon zani da kwalli. Auta kuwa tashinta ke nan daga zazzaɓi, ga haƙori biyu da aka cire mata. Ya zaftare mini goma, ya lafta mata biyar. Kuma ya ba mu ranar haihuwa ɗaya, ɗaya ga watan ɗaya. Duk unguwarmu a ranar aka haife mu. Har yau ina tausayin ungozomar da ta yi aiki a wannan rana.

Da aka karanta mini abin da ya rubuta, ban kai ƙara ba. Daɗi na ji. Shekara goma sha biyu ina tsokanar Auta, in leƙa ɗakinta da safe in rusuna in ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ta jefe ni da ƙyalle. Ashe kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Gaskiyar magana, ina famfara aka haifi Auta, shekara takwas ke tsakaninmu. Kuma mako guda aka haife ta da ɗan maƙwabcinmu na gidan da muka taso, wanda ubansa ya rubuta masa, bana yake sittin da biyu. Wato Auta na da sauran shekara uku kafin a rufe mata ƙofa, ni kuwa tuni aka rufe mini, ta taga na shigo ban sani ba. Mai Kwat ya ce abin mai sauƙi ne, mu je ofishin rantsuwa wani ɗan'uwa ya shaida shekarunta na gaskiya, a gyara.

Kafin mu samu ranar zuwa, na yi amfani da koren katina sau biyu. Wannan ma sai na faɗa. Suka kwantar da ni a gado mai farin zani, wata ma'aikaciya ta kunna wata fitila mai ɗumi a kan gwiwata, ta murza ta da mai, ta lanƙwasa ta miƙe. Ranar na yi salla a tsaye, na yi sujada na taso ban dafa bango ba, karo na farko cikin shekara huɗu. Sun ce in riƙa zuwa duk mako.

Mai Faci na ƙofar gidanmu, wanda ba a yin zance a unguwa bai sa baki ba, ya ce, "Iya, me zai kai ku ofis? Kun yi kama. Ta ɗauki katinki kawai a yi mata aikin."

Na ce, "Da babban yatsana za ta tafi, ko zan cire in ba ta aro?"

Ya ce, "To a ga wani a ciki, a ba shi na shan ruwa."

Na ce, "Mai Faci, kai duk abin da ya huje a duniya faci kake gani. Ban yi ƙarya da haƙora a bakina ba, ba zan fara da dasashi ba."

Wannan ya kawo mu ranar Litinin, da mai siririn gemu. Bayan ya gama gaya mini babu gurbin fitsari a kwamfuta, ya yi mini bayanin doka. Shaidar haihuwa sai wanda ya girmi mutum, domin shi ne yana nan aka haife shi. Ƙanwa ba ta yi wa ya shaida. Ya ce in kawo uwa, ko uba, ko wa, ko ya.

Na ce, "Duk suna wuri ɗaya, kuma ba a ba su izinin fita."

Ya ce, "Na gaba."

Na koma na zauna kusa da Auta. Ta lalubo hannuna ta ce, "Yaya, bar shi. Ke ki ci gaba da gwiwarki. Ni na ga duniya, abin da ya rage ba wani kyan gani gare shi ba."

Zaman benci ya riga ya zame mini sana'a, sai na shiga kallon ofishin. Tagar da na baro, layinta har waje. Masu neman ragin shekaru ne, ma'aikatan da ritaya ta hango su, gemu ya sha baƙin rini, da wasu ƙarti masu 'ya'ya da suka zo a mai da su 'yan sha bakwai don buga ƙwallo. Can a ƙarshe kuwa ga wata taga ba kowa, wani dattijo a ciki yana ɓare lemo. Na tambayi masinja ta mece ce. Ya ce ta masu neman ƙari ce.

Na tashi na dafa gwiwa na je. Dattijon ya ce, "Hajiya, ragi can ne."

Na ce, "Ƙari na zo. Goma. Nawa ne, an riƙe mini."

Ya ajiye lemon. Ya ce, "Shekarata sha takwas a tagar nan, ke ce mace ta farko. Namiji ɗaya ya taɓa tsayawa, shi ma bayi yake nema."

Na ce, "Wa zan kawo ya yi mini shaida? Ba ni da babba."

Ya ce, "Ƙari ba ya son shaida. Wa zai yi ƙarya don ya matsa kusa da kabari?" Ya jawo takarda daga ƙasan durowa, ya kaɗe ƙura. Ya ce, "Amma ki sani sau ɗaya ake yi. In na buga hatimin nan, ba dawowa."

Ashe Auta ta biyo muryata tana lalube da bango. Ta riƙe mini gefen mayafi ta ce, "Yaya, kin san abin da kike yi kuwa? In kika haura sittin da biyar za su karɓe katinki. Gwiwarki fa?"

Na ce, "Koma ki zauna. Yara ba sa sa baki a maganar manya."

Tawadar hatimin ta bushe, sai da ya ɗiga mata ruwan lemo. Ya buga. Jama'a, a shekaruna saba'in ban taɓa ganin aikin hukuma mai sauri irin wannan ba. Ba a ce babu netwok ba, ba a ce oga ya fita ba, ba a ce dawo gobe ba. Na shiga ina 'yar sittin, kafin azahar na fito da saba'in. Ashe sun iya aiki.

Na sake bin dogon layin. Da na iso, mai siririn gemu ya danna kwamfuta, ya duba, ya ce, "Yanzu kam kin girme ta, Mama."

Na ce, "Na gode da ka sanar da ni."

Na rantse a kan abin da na sani, ya rubuta wa Auta sittin da biyu, na dangwala yatsa.

Kwamfutocin nan da in kana neman haƙƙinka ba sa ga maciji da juna, in za a karɓe maka abu har hira suke yi. Ranar Laraba Mai Kwat ya kira. Ya ce an soke katina, na haura shekaru. Na ce na sani. Ya ce abin da ɗana ya biya mini na shekara ba a mayarwa, domin na shiga da shekarun ƙarya.

Na ce, "Ni na rubuta? Ni da ko sunana ban iya ganewa a takarda ba? Ku nemo mutumin rumfa ku tambaye shi."

Malama ta bincika mini. An ce mutumin rumfa yanzu babba ne, yana da mota da direba, shi ke koyar da sababbin ma'aikata. Allah ya ƙara ɗaukaka.

To ga ƙarata, ranku ya daɗe, Iyayen Hatimi, Masu Kujerar Juyi, ku da ke sa ido a kan kamfanonin nan in kun samu sarari. Na farko, ku yi mini bayanin laimar da ake ba mutum haya duk tsawon rani, da hadari ya haɗo a ce ya dawo da ita. Ciwo daga sittin da biyar yake ɗaura ɗamara, ku kuma a nan kuke rufe ƙofa. Na biyu, ni ban ce a mayar mini da kati ba, na san na tsufa, yanzu har da takarda. Amma mako biyu kawai na ci a cikin shekarar da aka biya. Sauran watannin nan nawa ne, ba na kakan kowa ba. A ɗauke su a ɗora wa Auta a rage mata jiran wata shida, ko kuwa a ba ni fitilar nan in kai ɗakina, na ga yadda ake kunna ta. Tun ranar Alhamis nake zuwa ofishin masu koren kati, in zauna a bencinsu daga buɗewa zuwa azahar. Sun ce manaja na taro. Na ce ba komai, na zo da zare. Kullum ƙulli ɗaya, kuma Auta ta ba ni babbar ƙwaryar zare, ba ƙarewa za ta yi nan kusa ba.

Ita dai Auta ranar Juma'a katinta ya fito, kore shar, an fara ƙirga mata watanninta. Ta sa shi a ƙarƙashin matashi, tana fito da shi tana shafawa, tun da ganinsa sai nan gaba. Yau da safe ina zura mata allurai, na ji ta tana dariya ita kaɗai.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Yaya, in aka buɗe mini ido, abu na farko da zan duba fuskar nan taki ce. Ina so in ga abin da ma'aikacin hukuma ya kalla ya zaftare goma."

Na ce ta yi mini shiru, ta kuma tuna yanzu ita ke gaishe ni, da hatimi.

Na soke allura ta goma sha biyu a labule, na dafa bango na miƙe. Gwiwar ba ta yi mamakin komai ba. Ita dama tun farko ba ta taɓa yarda da katin nan ba.